Kurakuran da direbobi suka fi yi a babban titi: gudu, tazara da zaɓen layi

Tara direbobi goma ka tambaye su wa ke ɓata tuƙi a babban titi, nan take za su rabu gida biyu. Masu taka mota za su ce ai masu nawa ne, waɗanda ke zaune daram a layin wucewa sun tare wa kowa hanya. Masu nawa kuma za su ce 'yan gangancin nan ne masu ƙure maleji. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a kan ɗan'uwansa, sai dai laifi tudu ne. A shekarar 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Ola Svenson ya tambayi ɗalibai masu tuƙi a Amurka da Suwidin yadda suke ganin ƙwarewarsu. Kashi 93 cikin 100 na Amurkawan, da kashi 69 na 'yan Suwidin, sun saka kansu a cikin rabin da ya fi iya tuƙi. Lissafi bai yarda da haka ba, amma zuciyar direba ta yarda. Shi ya sa gyaran waɗannan kurakurai ke da wuya: kowa na karanta su ne da wani a ransa.

Ribar gudu ba ta kai yadda ake zato ba

Babban kuskure shi ne rashin yin lissafin abin da gudun ke sayo maka. Tafiyar kilomita 100 a kan gudun 100 (wato kilomita 100 a awa) awa ɗaya ce cif. Ka ƙara zuwa 120, ta koma minti 50. Ka kai 140, minti 43. Wato daga 120 zuwa 140, duk zaman ɗar-ɗar ɗin da fasinja suka yi, minti 7 ka samu. Wannan ma a takarda ne, inda babu tirela a gaba, babu kwana, babu tsayawa shan mai. Idan kuwa tafiyar ta kilomita 30 ce, irin ta zuwa aiki da dawowa, tsakanin 100 da 120 minti 3 ne kacal.

Abin da ka bayar a madadin waɗannan mintuna shi ne ba a gani sai ranar da aka buƙace shi. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Mai 120 tana cin 33. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta hau birki, sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wuce, motar kuwa ba ta rage komai ba. Bayan nan ne birkin zai fara nasa aikin, shi kuma ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya sau huɗu yake ninkawa. Ƙarin kashi 20 a gudu, ƙarin kashi 44 ne a nisan birki.

Ɗauki motoci biyu iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa a kan busasshen titi, ɗaya na 100 ɗaya na 120. Suna shan kwana sai ga babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya. Direbobin biyu suka gani lokaci ɗaya, suka ci birki lokaci ɗaya. A daidai inda mai 100 zai tsaya cak, hancin motarsa na gab da taɓa ƙarfen, mai 120 zai iso wurin yana kan gudun sama da 70. Mutane na zaton zai iso ne da ragowar 20 ɗin da ya ɗara ɗayan. A'a, sama da 70. Wannan lissafin ne ke bayan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin da ke kai ga rasa rai da kusan kashi 4. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan titi kowace shekara.

Gyaran ba ya farawa a kan titi, a gida yake farawa. Wanda ya fito a makare ƙafarsa ce za ta biya bashin, don haka a ƙara minti goma a lokacin fita. Sannan lambar da ke jikin allon titi iyaka ce ta ranar da komai ke daidai: rana tsaka, titi a bushe, taya mai ƙoshin lafiya. Da dare, hasken gajeriyar fitila ba ya kai nisan da mota mai gudun 120 ke buƙata kafin ta tsaya. Abin da fitilar ta nuna maka, ka riga ka makara a kansa. Cikin ruwan sama kuma, tayar da ta suɗe tana iya hawa kan ruwan ta rabu da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannu.

Akwai wata yaudara da jiki ke yi wa ko da mai hankali. Bayan awa guda a kan 110, idan ka sauka zuwa 70 sai ka ji kamar motar ba ta motsi. A nan ne ake shiga kwanar fita daga babban titi, ko gefen gari, da gudun da ya fi ƙarfin wurin. Kada ka tambayi jikinka. Dubi agogon gudu.

Manne wa ta gaba

Na fi jin tsoron mai manne wa mota fiye da mai gudu a fili. Shi mai gudu a titin da babu kowa ya rage wa kansa lokacin ɗaukar mataki ne. Mai mannewa kuwa ya miƙa wannan lokacin gaba ɗaya ga wani mutum da bai sani ba, wanda wataƙila yana duba waya.

Auna tazara da sakan ya fi auna ta da ido. Zaɓi wani abu a gefen titi, turken fitila ko inuwar gada. Da zarar motar gabanka ta gifta shi, fara ƙirga ɗaya, biyu, uku, a hankali daidai da bugun agogo. Idan ka iso wurin kafin ka ce biyu, ka matse. Sakan 2 shi ne mafi ƙaranci, 3 ya fi kwanciyar hankali, a jiƙaƙƙen titi kuma a ninka. A gudun 100, sakan 2 kusan mita 56 ne, tsawon ƙananan motoci wajen 12 a jere. Direbobi da yawa idan suka gwada wannan karon farko mamaki suke yi, domin abin da suka saba bari bai kai haka ba.

Nan take wani zai ce, "Ai in na bar fili wani zai faɗa ciki." Zai faɗa, ba shakka. Ɗaga ƙafa kaɗan, filin ya dawo. Sakan ɗaya ko biyu ka rasa, ba gadonka ba.

Mannewa tana kuma haifar da cunkoson da ba a san dalilinsa ba, irin wanda za ka yi minti ashirin kana jan ciki, ka fito ka ga babu haɗari, babu gyaran titi, babu komai. A wani gwaji da Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka yi a Japan, suka wallafa a 2008, an jera motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudun 30. Ba a daɗe ba sai ga wasu sun tsaya cak, alhali babu abin da ya tare hanya. Wani ya ɗan rage, na bayansa ya taka birki fiye da shi, na uku ya fi na biyu, har abin ya zama tsayawa, tsayawar kuma ta riƙa tafiya baya tana cin motoci ɗaya bayan ɗaya. Direban da ya bar tazara yana iya shanye wannan ɗan ragin da ɗaga ƙafa kawai, ba tare da fitilar birkinsa ta tsorata na baya ba.

Layin wucewa ba wurin zama ba ne

A ƙasashen da ake tuƙi ta dama, layin hagu na wucewa ne. A inda ake tuƙi ta hagu, irin su Ingila, Japan da Indiya, sai a juya maganar. Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma tana cikin Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1968, wadda ƙasashe suka ƙulla kan zirga-zirgar titi: ka riƙe hannunka, ka fita ka wuce, ka koma. A Jamus, inda wasu sassan manyan titunansu ba su da iyakar gudu sai shawarar 130, doka ta wajabta komawa dama, ta kuma hana wuce mota ta dama. Ba don wannan tsarin ba, da mai 100 da mai 180 ba za su iya haɗa titi ɗaya ba. A Birtaniya kuwa, tun 2013 aka ba 'yan sanda ikon cin tarar mai zaman dirshan a layin tsakiya nan take.

Hujjar mai zama a layin wucewa sananniya ce: "Ina kan iyakar gudu, duk wanda ke son wuce ni shi ne mai laifi." Ko da hakan gaskiya ne, tare hanya ba aikinka ba ne. Ga shi kuma agogon gudu na motoci da yawa yana nuna ɗan sama da ainihin gudun, don haka mai ganin 100 a gabansa wataƙila bai kai ba. Abin da zamanka ke haifarwa shi ne jerin motoci manne da juna a bayanka, kowa ransa a ɓace, har ɗaya ya gaji ya zagaya ta hannun da ba ka tsammani. Mai gudun bai fasa gudunsa ba. Ka dai tura shi ya yi shi a inda ya fi haɗari.

Haka nan wanda zai wuce mota da bambancin kilomita 2 a awa. Zai iya ɗaukar kusan minti biyu kafin ya gama wuce ta, ya toshe layi biyu. In za ka wuce, wuce. In gudunku ɗaya ne, zauna a bayanta.

Wannan ba lasisi ba ne ga mai ƙafa mai nauyi. Ƙyafta fitila sau ɗaya daga nesa roƙo ne, kuma mai hankali zai amsa. Amma ka zo ka kafa hancin motarka a bayan ta mutum, doguwar fitila a madubinsa, hon ba ƙaƙƙautawa, alhali kana gani tirela ce a gefensa ba shi da inda zai koma, wannan barazana ce. Tsoratar da mutum ba ta sa ya yi tuƙi mai kyau. Sau da yawa firgita yake yi ya karkata ba tare da ya duba ba.

Sauya layi kansa yana da tsari, kuma an fi yin sa a birkice. Madubi da farko, sai sigina, sai ɗan waiwaye ta kafaɗa saboda gurbin da madubi ba ya nunawa, sannan sitiyari. Wanda ya kunna sigina bayan rabin motarsa ta shiga layin, labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa. Sigina kuma neman izini ce, kunna ta bai ba ka hanya ba. Masu saƙa tsakanin layuka kuwa, daga wannan zuwa wancan, sukan tarar da motar da suka wuce tana gefensu a cunkoso na gaba.

Manyan motoci na buƙatar nasu haƙƙin. Tirela mai lodi tana iya kai tan 40, ƙaramar mota kuwa tan ɗaya da rabi ce ko kusa da haka. Tazarar da direban tirela ya bari a gabansa ita ce birkinsa. Ka faɗa ciki ka rage gudu, ka cinye masa ita. Kada ka koma gabansa sai ka ga fitilunsa biyu a madubinka na ciki. Idan kana bayansa ba ka hango madubinsa, shi ma ba ya ganinka. A hanyar da ba tagwaye ba kuma, kada ka bi sahun wanda ya fita wucewa don kawai ya fita: shi ya ga filin da zai ishi mota ɗaya, kai bayansa kawai kake gani. Motoci biyu masu fuskantar juna a kan 100 suna cinye mita 56 na tsakaninsu a kowane sakan, taho-mu-gama ba ta ba da lokacin sake shawara.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Mai shigowa babban titi ya ɗauki gudun titin tun a hanyar shiga, kada ya faɗo da 40 a gaban masu 100; na ciki kuma, in layin gefensa a buɗe yake, ya matsa masa. Wanda ya wuce mafitarsa ya ci gaba zuwa ta gaba, ba a komawa da baya a babban titi, ba a kuma yanko layi uku lokaci ɗaya. Kafaɗar titi ta motar da ta lalace ce da motar asibiti. Kunna fitilun gargaɗi huɗu ana cikin tafiya a ruwan sama yana kashe amfanin sigina, na baya ba zai san inda za ka nufa ba.

Saura tambayar da aka fi yi: yaya za ka yi da wanda ya manne maka? Taɓa masa birki don ya ji tsoro shi ne mafi munin amsa, domin in bai tsaya ba, wuyanka da na mutanen kujerar baya ne za su karɓa. In akwai layi a gefe, sa sigina ka koma, ya wuce. In babu, rage gudu sannu a hankali har tazarar da ke gabanka ta ƙaru zuwa sakan 4 ko 5. Da haka, in wani abu ya faru a gaba, za ka iya tsayawa da birki mai laushi wanda shi ma zai samu lokacin gani, sannan a fili na farko da ya samu zai wuce abinsa.