Yadda nake tace labaran tattalin arziki

A watan Janairun 2024 jaridu suka yi ta shela cewa ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haye maki 100,000 a karon farko. Ni kuwa a wannan watan ne muka rage awon shinkafa a gidana, abincin rana ya koma garin kwaki. Tun daga nan na koyi tace labari.

Fara da duba wa aka tambaya. In daga manajan banki sai dillalin hannun jari, ba a ji ta bakin mai koko ko ɗan adaidaita ba, to hirar masu kuɗi ce, saurara ka wuce.

In aka ce hauhawar farashi ta ragu, kada ka ɗauka kaya sun sauko, tashin ne kawai ya rage gudu. Nemi adadin hauhawar farashin abinci a rahoton wata-wata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, shi ne ya shafi tukunyarka. A tsakiyar 2024 ya wuce kashi 40 cikin ɗari.

Abin da na fi yarda da shi kuwa littafin cefane ne. Uwargida ce ta buɗe shi bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, har ina yi mata dariya. Yanzu ni ke rubutawa duk Juma'a: kwanon masara, kwalbar manja, litar fetur, kuɗin adaidaita zuwa Sabon Gari. In rediyo ya ce an samu sauƙi, sai in buɗe shafin watan jiya in kwatanta.