Ka samu gurbi a Jami'ar Jos, to kuɗin fa? Ga yadda ake haɗa su

Ranar da sunan ƙanina ya fito a JAMB an yi guɗa a gidanmu har maƙwabta suka leƙo, amma da daddare da ni da Baba muka zauna da biro da bayan kalanda sai kowa ya yi tsit. Abin da na koya a wannan zaman shi ne, kuɗin makaranta da kowa ke kuka da shi ba shi ne babban ramin ba, abin da ke cinye mutum shi ne kuɗin kullum, na keke da abinci da data da fotokofi. Don haka kafin ka je neman taimakon kowa, fara sanin nawa shekarar za ta ci gaba ɗayanta.

Ka shiga fotal ɗin jami'ar da kanka ka duba abin da aka sa wa sashenka, kar ka ɗauki maganar "ai yaron gidan wane kaza ya biya", don tun 2023 da aka ƙara kuɗi har ɗalibai suka fito zanga-zanga a Jos tsohon lissafin ya canza, kuma sabon shiga ya fi tsohon ɗalibi biya, mai karatun likita ko kimiyya ya fi na sashen tarihi. A takarda dai jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, abin da kake biya na rajista ne da jarabawa da asibiti da laburare da sauransu, amma aljihu bai san wannan bambancin ba. Biyan ta Remita ake yi, ka ciro lambar biyan da Remita ke bayarwa, wato RRR, ka biya a banki ko ta waya. Kar ka tura wa wani yaron kafe kuɗi a asusunsa wai zai biya maka. Risit kuma ka buga kwafi biyu, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka a imel.

Sai wurin kwana. In gidanku na Unguwar Rogo ko Unguwar Rimi ko nan Bauchi Road, Allah ya yanke maka wahala, zauna gida ka ci tuwon Inna. In kuwa daga Bukuru kake ko wata jiha, nemi gado da wuri a hostal ɗin jami'ar, wanda ake kira Village ko Abuja ko Naraguta, don sun fi haya araha nesa ba kusa ba amma gadajen ba sa isa. Kuma ka yi lissafin keke da gaske. A ce ɗari uku zuwa ɗari uku dawowa, kwana 22 a wata, dubu goma sha uku da ɗari biyu ke nan, ba ka ci ko ƙosai ba. Wanda ya zo daga Kano ko Sakkwato ya sa bargo da rigar sanyi cikin lissafi, sanyin Jos a Disamba ba ya jin magiya.

Yanzu maganar bashin gwamnati, NELFUND. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Kashi biyu ne: kuɗin makaranta da suke turawa kai tsaye ga jami'ar, ba ya biyowa ta hannunka, da kuma naira 20,000 duk wata ta kashewa da ke shiga asusunka in ka nema. Babu kuɗin ruwa, wannan ne ya kwantar wa Baba hankali don farkon tambayarsa ke nan, ba riba a ciki ko? Biya kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Makarantun gwamnati kawai ya shafa, na tarayya da na jiha, ɗalibin jami'ar kuɗi ba ya ciki.

Abin da za su tambaye ka: lambar JAMB, NIN, BVN, takardar shaidar an ɗauke ka, lambar ɗalibi, da asusun banki mai sunanka ba na yayanka ba. To a nan mutanenmu ke faɗuwa, kuma laifinmu ne na gida. Ƙanina a NIN Muhammad Sani yake, a banki Sani Mohammed, a JAMB kuma ya ƙara sunan kakanmu a ƙarshe, ranar haihuwa ma biyu gare shi don wanda ya cike masa fom tun yana sakandare ya rage masa shekara. Kwamfuta ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba. Sai da muka yi makonni muna safa da marwa tsakanin kotu wajen takardar rantsuwa da banki kafin abin ya daidaita. Don Allah ka baje takardun nan a tabarma tun yau ka karanta su harafi harafi, tun kafin ka shiga shafin NELFUND. Sannan in ka shiga ya ce ba a ga bayananka ba, yawanci makaranta ce ba ta ɗora sunanka ba tukuna, ofishin harkokin ɗalibai za ka je ka yi magana, ba sake cikewa sau goma ba. Cike fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce kawo dubu biyar yana da hanya a Abuja ɗan damfara ne.

In wa'adin rajista ya matso kuɗin bai iso ba kuma kuna da halin rantowa, ku biya, in kuɗin ya shigo daga baya ka kai risit ofishin kuɗi na jami'ar ka nemi a mayar maka. Dubu ashirin ɗin nan ma kar ka jingina cikinka da ita, ka ga keke kaɗai abin da ya yi mata.

Tallafin da ba a mayarwa ma akwai. Hukumar sikolashif ta tarayya na bayarwa, asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF da kamfanin iskar gas na NLNG da gidauniyar MTN ma haka, sai dai yawancinsu masu kimiyya da injiniya suka fi nema kuma makinka suke dubawa, wanda ya yi wasa da ajin farko ya rufe wa kansa ƙofa. Na jiha kuwa takardar shaidar asali suke so, kuma duk Bahaushen Jos ya san wahalar samun wannan takardar ba sai na buɗe ba. In ta Filato ba ta samu ba, ka tambayi Baba garin da kaka ya taso, Kano ne ko Bauci ko Katsina, ka je ƙaramar hukumar can ka nema tun kana hutu, don ranar da aka buɗe fom babu lokacin tafiya.

Dangi kuma a je musu da takarda. Kawu ya fi saurin sa hannu a aljihu in ka nuna masa RRR ka ce wannan kaɗai nake so ka ɗauke min, maimakon "a taimaka da kuɗin makaranta" da ba shi da kai ba shi da gindi. Mu haka muka raba, Kawu na kasuwar Farin Gada ya ɗauki rajista, Yaya ta shiga adashe don kuɗin gado, ni keke da data, Inna kuma duk ƙarshen wata garin kwaki da ƙuli da yaji da ɗan buhun dankali.

In dole sai haya, ka yi magana da mai gida a kan yajin aiki tun kafin ka ba shi kuɗi, a rubuta. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna na kulle da kwaɗo haya na tafiya, yara suka dawo aka ce su sake biya. Ku haɗu ku biyu ko uku a ɗaki, risho ɗaya tukunya ɗaya, kuma a tambayi maganar ruwa da wuta ko suna cikin kuɗin ko daban ne.