Darasi na Bakwai: Nauyin Maraƙi Ranar Haihuwa

Maraƙin Bunaji, wato irin fararen shanun Fulani, yakan zo duniya da nauyin kilo 20 zuwa 25. Idan nauyinsa ya tsaya a nan, uwar takan haihu da kanta, ta lashe shi, ya miƙe ya kama nono. Wahala tana sama da haka ne, ko ƙasa da haka. Maraƙin da ya cika girma yakan maƙale, musamman a jikin karsana mai cikin fari, wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba. Sai an ja shi, a rasa ɗan, wani lokaci har da uwar. Wanda ya zo ɗan mitsitsi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya sha dakashi da wuri, zawo ko sanyin hunturu ba sa daɗewa suke kayar da shi.

Me ke kawo bambancin?

Wani ɓangare daga ciyarwa yake. Saniya takan yi wata tara da 'yan kwanaki da ciki, kuma a watanni 3 na ƙarshe ɗan yake yin mafi yawan girmansa. A ƙasar Zazzau, saniyar da ta ɗauki ciki a watan Yuli za ta haihu wajen Afrilu, wato watanninta na ƙarshe sun faɗo lokacin da ciyawa ta bushe, jeji ya ƙone. Irin wannan tana bukatar harawa, dusa da angurya. Kada kowa ya rage wa saniya abinci wai don ɗan ya yi ƙarami ta haihu da sauƙi. Abin da zai samu shi ne uwa marar ƙarfin naƙuda, marar nono. Namiji yakan ɗan fi mace nauyi, ɗan fari kuma yakan kasa ƙannensa.

Ɗaya ɓangaren gado ne. Rabin jinin maraƙi daga bijimi yake, rabi daga saniya. Sai dai saniya ɗa ɗaya take bayarwa, a shekara ko ma shekara biyu, bijimi kuwa shi ne uban dukan maruƙan garke. Saboda haka kuskure wajen zaɓensa yakan shafi garken gaba ɗaya.

Bijimai biyu

Ku rubuta wannan misali a littattafanku. Bijimi na farko ya ba da maruƙa biyar masu kilo 21, 22, 22, 23, 22. Na biyu ya ba da masu kilo 15, 29, 18, 28, 20. Ku tara kowane layi. Za ku sami 110 a duka biyun. Ku raba da 5, kowanne ya ba ku 22.

A matsakaicin lissafi ba su da bambanci. Amma ku ɗauki babban adadi ku cire ƙarami. Na farko tazararsa kilo 2 ce, na biyu kilo 14. A garken na biyu akwai maraƙi mai kilo 29 da zai iya halaka karsana, akwai mai kilo 15 da wuya ya kai yaye. Makiyayi yakan yi alfahari da ƙaton maraƙin nan, ya ce bijiminsa na da kyakkyawan iri, ya manta da wanda ya mutu. A ganina na farko ne ya cancanci a bar shi a garke.

Masu bincike sun gano cewa ita kanta wannan tazara ana gadonta. A Burazil an duba haka a shanun Nelo, masu tozo kamar namu. A Faransa an yi ta zaɓen zomayen da 'ya'yansu ke zuwa kusan kai ɗaya, sai aka ga mutuwar ƙanana ta ragu. Gadon ba mai ƙarfi ba ne sosai, shi ya sa ba a yanke wa bijimi hukunci da maruƙa biyu ko uku. Sai an tara da yawa, a gwada maza da maza, mata da mata, na damina da na damina. A lura da shanu mata su ma, domin akwai saniyar da kowane bijimi aka ba ta, ƙanana take haifa.

Yadda ake awo

A bari maraƙi ya sha dakashi tukuna, amma kada a wuce kwana ɗaya. A sa shi cikin buhu mai ƙwari, kansa a waje, a rataya a sikelin rataye irin na masu awon hatsi. A rubuta kwanan wata, sunan uwa, sunan uba, namiji ne ko mace, kilo nawa, da ko an ja shi ko da kanta ta haihu. Ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe muku wannan har shekara uku ba, littafi ne zai riƙe.

Masu son haɗa Bunaji da shanun waje su yi hattara. A Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana irin wannan haɗi, kuma ana iya neman shawara a can. Babban iri yakan ba da babban maraƙi, don haka ba a fara shi da karsana. Kada kuma a bar bijimi ya yi wa 'ya'yansa barbara don neman maruƙa masu kama da juna. Jini ɗaya yana kawo raunana. A yi musanyar bijimi da wani garke kafin 'ya'yansa mata su isa.

Aiki

Wani bijimi ya ba da maruƙa masu kilo 24, 19, 26, 21. Nawa ne matsakaicin nauyinsu? Nawa ce tazarar? Ku ja layi shida a shafi guda, ku rubuta kan kowane layi kamar yadda aka faɗa a sama, ku zo da shi aji mako mai zuwa.