Shawara ga Masu Koyon Gyaran Littattafai

'Yan uwa, duk wanda ya fara zuwa ajin koyon ɗinki da gyaran littattafai, ya fara gwada hannunsa a kan tsohon littafin da ba a buƙata, kada ya taɓa rubutun kakanni tukuna. Ina roƙonku ku guji liƙe yagaggen shafi da salatif, domin ƙaronsa yana shiga cikin takarda, ya bar tabon da ba ya fita. Ku nemi malaminku ya nuna muku yadda ake dafa sitacin alkama a liƙe da siririyar takardar Japan (wata takarda mara kauri amma mai ƙarfi da ake gyaran littattafai da ita), a shafa kaɗan, saboda tawadarmu ta gargajiya tana narkewa da danshi. Tsofaffin rubuce-rubucen ajami kuwa ba a ɗinke su. A bar su a warware cikin tadarishi (bangon da ake rufe su da shi) da gafaka.