Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa mikisa da ordinatar

'Yan uwa masu ƙananan sutudiyo a Yamai, mu yi maganar mikisar analog ɗin nan da kuke haɗawa da lojisiyel na ɗaukar sauti irin su FL Studio ko Cubase, don wallahi sau da yawa kayan lafiyarsu lau, haɗin wayoyi ne ba daidai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya dawo da sautin ordinatar cikin layi ɗaya na mikisa, sannan ya ɗauki Main Out (babbar mafitar mikisa) ya maida cikin kart son (na'urar da ke shigar da sauti ordinatar), to kiɗan da mawaƙi yake ji shi ne zai sake shiga cikin muryar da kake ɗauka kuma ba ka iya raba su daga baya, in ma sauti ya fara zagayawa sai larsen ya tashi bafur ya ƙwala ƙara. Ka aika murya ta Direct Out (mafitar layin shi kaɗai) ko ta Aux (mafitar gefe), shi kuma sautin ordinatar ka sa shi a mashigar 2-Track ta mikisa, ka tura shi zuwa kaske da bafur kaɗai, kada ka danna maɓallin da ke kai shi Main.

Sai mashiga. Sautin da ke fitowa daga mikisa ya riga ya yi ƙarfi, in ka cusa shi ta XLR (wayar mikiro mai haƙori uku) a ramin mikiro na kart son ka ƙara mishi ƙarfi sau biyu ke nan, murya ta fashe. Sa jak TRS (mai zobe biyu) a Line, ka kashe Inst (maɓallin gita) da 48V (wutar da ake ba wasu mikiro) na kart son ɗin. Kuma dan Allah a daina korar allurar awon sauti zuwa ja, mikisa tana haƙuri kaɗan amma 0 dB na ordinatar, wato iyakar ƙarfin sauti, ba ya yafiya, a 24 bit ka bar sauti wajen -18 dB, ya isa.

In kana jin gurnanin nan na kuran mai 50Hz, cire sharjar ordinatar ka saurara, in ya ɗauke to ka sa kayan duka a miltipiris ɗaya, ko ka nemi DI (ɗan akwatin da ake sawa a hanyar sauti don cire gurnanin). Kada ka yanke wayar ƙasa, ranka ya fi waƙa.

Ƙananan mikisa masu USB kuwa yawancinsu layi 2 kawai suke aikawa, ko mikiro nawa ka jona a cakuɗe za su shiga. In mikiro biyu ne, da maɓallin Pan juya ɗaya hagu ƙarshe, ɗaya dama ƙarshe, ka ɗauke su mono biyu. EQ ɗin (maɓallan gyaran sauti) da ka murɗa lokacin ɗauka ya zauna ke nan, a yi shi da sauƙi.

Da hunturu a rufe mikisa da zane in an gama aiki, ƙura ce ke sa maɓallai ƙaras-ƙaras.