Kurakuran da ake yi a tsofaffin kaburburan coci a Ingila

Wanda ya shiga harabar cocin Painswick ko ta Burford, a yankin Cotswolds, zai ga manyan akwatunan dutse a jere, ya ɗauka gawar tana ciki. Ba ta ciki. Mamacin yana can ƙarƙashin ƙasa, akwatin kuwa fanko ne, ado ne kawai na attajirai, yawancinsu 'yan kasuwar ulu na ƙarni na 17 da na 18. Kada a hau kai, kada a jingina, don wasu ƙiris ya rage su rushe.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne kwanan wata. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Ke nan in dutse ya ce mutum ya rasu a Fabrairun 1720, a lissafinmu na yau 1721 ne. Shi ya sa wasu masassaƙa suke rubuta 1720/1. Mai neman asalin dangi da bai san wannan ba sai ya ga an binne jariri a Fabrairu, alhali takarda ta ce a Yunin shekarar aka haife shi, ya shiga ruɗani a banza. Maganin shi ne a gwada da rajistar coci, wato littafin da ake rubuta baftisma da aure da jana'iza, wadda aka wajabta ajiyewa tun 1538.

Ƙoƙon kai da ƙasusuwan da aka sassaƙa ba alamar ɗan fashin teku ba ne, ba kuma ta annoba ba. Tunatarwa ce cewa mutuwa na tafe.

Sai batun wanki, wanda ya fi ba ni haushi. Mutum ya zo da bilic da buroshin waya wai zai gyara kabarin kakansa, ya kankare rubutun da ya yi shekara 200 yana jure ruwan sama. Dutsen yankin mai laushi ne, yana marmashewa. Ruwa zalla da buroshi mai taushi sun isa, a kuma fara tambayar limamin cocin, domin a Cocin Ingila gyara ko ɗaga dutsen kabari sai da izini a rubuce.

Rubutu ya dushe? A bar shafa alli. A zo da sassafe ko da la'asar sakaliya, ko a haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan.