Ƙirgar karta: inda masu koyo suka fi tuntuɓe

A wasu majalisun samari na Wuse da Kubwa a Abuja za ka tarar da mai zaune da kwalin karta da agogon waya, yana gwada irin ƙirgar da ake yi a wasan bilakjak, wato wasan karta na caca da ake neman kusantar maki 21. Ni caca ba hanyata ba ce, addini ya hana, kuma ba na kiran kowa gare ta. Lissafin ne ya ja ni, domin yana wasa ƙwaƙwalwa ƙwarai, kuma yana ba ni takaici in ga yaro mai kaifin kai yana ta atisaye a karkace.

Tsarin da aka fi koyo shi ne Hi-Lo, wanda Harvey Dubner ya gabatar a 1963, shekara guda bayan fitowar littafin malamin lissafi Edward Thorp na Amurka, wanda ya nuna cewa katunan da suka riga suka fita suna sauya damar ɗan wasa. Kana fara lissafi daga sifili: idan kati daga 2 zuwa 6 ya fito, ka ƙara ɗaya. Daga 7 zuwa 9 ba komai. Idan 10, J, Q, K ko A ta fito, ka rage ɗaya.

Babban kuskure shi ne kunna agogo tun ranar farko. Mutum ya ji an ce gwani yana gama kwali cikin daƙiƙa 30, sai ya hau watsa katuna yana tseren lokaci, bai san ko lissafinsa daidai ne ba. Sauri ya haifi nawa ke nan. Gyaran yana cikin kwalin kansa. A katuna 52 akwai ƙanana 20, manya 20, na tsakiya 12, don haka in ka ƙirga duka dole ka tsaya a sifili. Amma da yake ka san amsar, zuciya za ta iya yi maka coge. Sai ka zare kati ɗaya ka kife shi ba tare da ka duba ba, ka ƙirga sauran 51. In ka ƙare a +1, wanda ka kife babba ne. In ‑1, ƙarami ne. In sifili, na tsakiya. Kada ka taɓa agogo sai kana dacewa sau da yawa a jere ba kuskure. Kuskure ɗaya a farkon rabo yana bin lissafin har ƙarshe, ba abin da zai nuna maka ka kauce.

Daga nan sai masu ƙirga kati ɗaya-ɗaya har abada. Saurin gaske yana zuwa ne lokacin da ido ya daina lissafi ya koma ganewa. K da 5 sun kashe juna, ka wuce kawai. 4 da 6 biyu ne kai tsaye. Ka riƙa juyo katuna bibbiyu, bayan ka saba ka koma uku-uku, kuma ka hana leɓenka motsi, domin baki ba ya kamo ido.

Akwai wani ramin da ba a cika kula da shi ba: ƙasa da sifili. Da yawa suna tafiya sumul daga +1 zuwa +8, amma da lissafi ya gangara ‑3 sai kai ya ɗaure, a rasa ko ƙarin ɗaya ‑2 zai bayar ko ‑4. Ka tara manyan katuna a saman kwalin da gangan, ka yi ta nutsewa kana fitowa har ya zama jiki.

Wanda ya ƙware a kwali ɗaya yakan ɗauka ya gama, alhali galibin gidajen wasan kwali 6 ko 8 suke haɗawa. A nan sai an raba lissafin da ke tafe da adadin kwalayen da suka rage. +6 da saura kwali 3 ya zama +2, amma +6 da saura ɗaya da rabi ya zama +4, kuma tazarar tana da girma. Rabawar ba ta da wuya. Kintatar abin da ya rage da ido ita ce aikin. Ka haɗa kwali shida, ka yanki wani kaso ka ajiye, ka faɗi yawansa, sannan ka ƙirga ka gani.

Masu gwadawa a manhajar caca ta waya kuwa ɓata lokaci da kuɗi suke yi, domin na'ura tana sake gauraya katunan bayan kowane hannu, lissafin baya ya tashi a banza. Ko a tebur na gaske, rinjayen gwani bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma yana iya shafe dogon lokaci yana asara.

Kuskure na ƙarshe shi ne yin atisaye a ɗaki shiru kullum. In hannunka ya faɗa, fito majalisa inda janareta ke ruri ana musun ƙwallo. Ka ba abokinka ya riƙa rabawa da saurinsa, wani kuma yana jefo maka tambaya kana amsawa, can a tsakiya a tsayar da kai a ce nawa ne, a juya katunan da suka fita a tantance a gaban kowa.